Batirin Mota Ba Ya Mutuwar Fuju'a

Da asubahin wata ranar hunturu a Matsinkai, bayan an sallame sallah, na tsaya kallon wata kanta da aka ɗora wa buhunan shinkafa tun da daddare. Direba ya hau ya murɗa makulli. Aka ji ƙas-ƙas-ƙas, fitilun gabansa suka dushe, injin ko motsi bai yi ba. Yaron motar ya diro ya buɗe akwatin batir, ya samo guntuwar waya, ya danna baki ɗaya a kan batir, ya goga ɗaya bakin a ɗaya kan. Tartsatsi ya tashi.

"Maigida, akwai wuta," in ji shi.

"To in akwai wuta, me ya hana ta tashi? Jiya fa lafiya lau muka kwana."

Ba wanda ya amsa. Aka tara matasa aka shiga turi da kaya a kai, har hantsi ya dubi ludayi kafin motar ta bar gari.

Maganar direban nan, cewa jiya lafiya lau aka kwana, ita ce ta tsaya mini a rai, domin na san ba haka ba ne. Batirin ya yi makonni yana ciwo. Kik ya yi ta jan jiki da safe, fitila ta yi ta dushewa idan mota tana silo, amma ba wanda ya auna. A birni wannan ƙaramar matsala ce, shago yana bakin titi. A ƙasar Bagudo kuwa, inda mota kan kwana a Tsamiya ko Kaoje ko Illo ko Lolo, can gab da iyakar Jamhuriyar Benin, mutuwar batir tana nufin asarar yini, wani lokaci da asarar ciniki, kuma neman sabo mai kyau kan kai mutum Koko ko Jega ko Birnin Kebbi. Shi ya sa nake so mu bi abin daki-daki, yadda duk mai mota ko babur ko tarakta zai iya duba nasa da kansa.

Mu fara da abin da ke cikin baƙin akwatin. Wani Bafaranshe masanin kimiyya, Gaston Planté, shi ya ƙirƙiro irin wannan batir a shekarar 1859, kuma har yau asalin aikinsa bai sauya ba. An raba akwatin ɗaki 6, waɗanda masu gyara ke kira sel. A kowane ɗaki akwai farantan darma iri biyu a jere, da siririn shamaki a tsakaninsu don kada su taɓa juna, dukkansu a nutse cikin ruwa. Ruwan gauraye ne, kusan kashi 35 cikin 100 asid, saura ruwa zalla. Kowane ɗaki idan ya cika da caji yana ba da bolt 2.1, shidan su haɗu su ba da 12.6. Ka riƙe wannan lamba. Duk da an rubuta 12V a jikin batir, wanda ya nuna 12.0 cif ya kusa ƙarewa.

Duk lokacin da aka ja wuta, asid ɗin da ke cikin ruwan yana barin ruwa ya manne a jikin farantai, ya zama wani farin gishiri da ake kira salfet. Ruwan sai ya yi ta tsinkewa yana komawa kusa da ruwan sha. Idan aka yi caji, gishirin ya narke ya koma cikin ruwa, farantai su wanku, ƙarfi ya dawo. Aikin batir ke nan, fita da komawa. To amma gishirin nan kamar ƙanzo yake a gindin tukunya. Idan aka jiƙa tukunyar a daren da aka kwashe tuwo, da safe hannu kawai zai fitar da shi. Idan aka bar ta kwana da kwanaki, sai an sa ƙarfe an kankare, wani ma ba zai fita ba. Haka salfet yake. Batirin da ya sauka aka yi masa caji a ranar zai dawo daidai. Wanda aka bari a sauke mako biyu ko wata guda, gishirin ya daskare ya rufe fuskar farantai, kuma wurin da ya rufe ya daina aiki. Daga nan ne ake jin an ce batir ba ya riƙe caji. Yawancin batiran da ake jefarwa a yankinmu, a ganina, wannan ne ajalinsu.

Sai zafi. A watannin Maris da Afrilu zafin Kebbi yana wuce digiri 40 a inuwa, balle a ƙarƙashin bonet kusa da inji. Zafi yana ƙafar da ruwan batir, yana cin ƙarfen da ke riƙe da farantai, yana kuma sa batir ya riƙa zubar da cajinsa ko ba a taɓa shi ba. Masu ƙera batir sun daɗe da lura cewa duk ƙarin zafi na kusan digiri 10 yana ninka saurin wannan zubewa, yana kuma rage tsawon ran batir da kusan rabi. Ɓarnar takan faru ne da bazara, amma ba a gane ta sai hunturu, lokacin da man inji ya yi kauri da asuba, inji ya yi nauyin juyawa, batir kuma ya rage kuzari saboda sanyi. Sai a ɗora wa sanyi laifin abin da zafi ya aikata watanni da suka wuce.

Yanzu ga yadda ake dubawa. Ido ne farko, kafin kowace na'ura. Kashe mota, zare makulli, buɗe bonet. Dubi jikin batir: ya kumbura ta gefe? Ya tsage? Akwai laima a ƙarƙashinsa? Batirin da ya kumbura ko ya tsage ba a gyara shi, sauya shi ake yi. Sannan kama shi ka girgiza. Idan yana rawa a mazauninsa, akwai matsala, domin hanyoyin burji da gargada irin namu suna karkaɗe abin da aka shafe farantai da shi, ya zuba a gindin ɗaki, ya taru har ya haɗa farantan da bai kamata su haɗu ba. Igiya ko robar tsohon tib ba ta riƙe batir yadda ya kamata. A nemi ƙarfensa a ɗaure shi tamau.

Dubi kawunan batir guda biyu. Farin gari ko kore-koren da ke taruwa a kansu yana tare wuta kamar yadda ciyawa ke tare ruwa a magudanar fadama. Sau da yawa motar da ta ƙi tashi batirinta ƙalau yake, kai ne ya yi datti ko ya saki. Kwance na maras, wato mai alamar −, shi ne farko, sannan mai alamar +. Dalilin wannan tsari shi ne jikin mota gaba ɗaya a haɗe yake da na maras. Idan ka fara da mai + sifana ta taɓa ƙarfen mota, wuta za ta tashi a hannunka. Jiƙa 'yar kanwa a ruwan ɗumi ka wanke kawunan da tsohon buroshi. Za ka ga yana kumfa, kanwar ce ke kashe asid. Ka kula sosai kada ko ɗigo ya shiga cikin ɗakunan, don zai kashe na ciki ma. Ɗauraye, goge ya bushe, mayar da mai + da farko, na maras daga ƙarshe, ƙara ƙarfin noti, sannan ka shafa basilin ko giris a sama. Saman batirin ma a goge shi. Ƙurar hunturu idan ta haɗu da laimar asid takan zama siririyar hanya tsakanin kawunan biyu, wuta ta yi ta tsiyaya dare da rana ba wanda ya sani.

Daga nan sai mita. 'Yar ƙaramar mitar nan mai wayoyi biyu, ja da baƙa, da ake gani a hannun masu rewaya da masu gyaran rediyo, kuɗinta bai kai ko kusa da na sabon batir ba, kuma awo uku kawai za ka yi da ita. Juya kanta zuwa wajen da aka rubuta V mai miƙaƙƙen layi, a kan lamba 20. Jar waya a kan +, baƙa a kan −.

Awon farko ana yin sa ne batir yana hutawa. Lokacin da ya fi dacewa shi ne da safe kafin a tayar da mota, domin batirin da aka sauko daga tafiya yanzu yana ɗauke da wani cajin bisa-bisa da ke sa lamba ta haura gaskiyarta. Idan ba halin jira, kunna manyan fitilu na minti ɗaya ko biyu, kashe, dakata kaɗan, sannan ka auna. Idan ka ga 12.6 ko 12.7, batir a cike yake. Idan 12.4 ne, saura kamar kashi uku cikin huɗu. A 12.2 rabi ya tafi. A 12.0 saura kwata. Ƙasa da 11.9 kuwa a sauke yake. Dubi yadda tazarar take ƙanƙanuwa: tsakanin cikakke da wanda ya ƙare bai kai bolt ɗaya ba. Wannan ne ya sa tartsatsin yaron motar nan bai gaya masa komai ba, domin batirin da ke 11.8 ma zai yi tartsatsi. Idan kuma ka ga lamba ta tsaya wajen 10.5 ko bayan an yi caji, ɗaki ɗaya ne ya mutu, biyar ke aiki, kuma caji ba zai tashe shi ba. Iyakar da nake so mai karatu ya sa wa kansa ita ce 12.4. Daga nan zuwa ƙasa ƙanzo ya fara kamawa.

Awo na biyu yana buƙatar mutum biyu. Kai ka riƙe wayoyin mita a kan batir, wani ya murɗa makulli. Kik yana jan wuta mai yawa, fiye da amfiya 100 ko a ƙaramar mota, na dizal kuwa ya ninka haka. Lamba za ta faɗi na ɗan lokaci, wannan daidai ne. Abin lura shi ne inda za ta tsaya. Idan ba ta sauka ƙasa da 9.6 ba, batir yana da ƙarfi. Idan batirin da ya nuna 12.6 yana hutawa ya rufto zuwa 8 ko 7 da an murɗa makulli, to cikinsa ya ƙare, lambar farko ado ce kawai. Irin wannan ne ke yaudarar mutane a wajen sayen batirin Kwatano, wanda ya gama rabin ransa a Turai, ya kwashe makonni a cikin jirgin ruwa da tashar jiragen, aka wanke shi aka yi masa caji ya yi kyau a ido.

Awo na uku ba na batir ba ne, na altaneta ne, wato na'urar da ke mayar masa da wutar da aka ja. Inji yana aiki, ɗan taka totur kaɗan, ka auna. Ya kamata ka ga tsakanin 13.8 da 14.4 ko kusa da haka. Kunna fitilu da fanka ka sake dubawa. Bai kamata ta zube ƙasa da 13 da rabi sosai ba. Idan lamba ta tsaya a 12 da 'yan kai, wuta ba ta shiga, sai a duba fambel ko ya saki, a duba wayoyi, sannan a kai wa mai rewaya. Idan ta haura 15, wuta ta yi yawa, tana tafasa batir. Alamarsa ruwa yana saurin ƙafewa, ana jin wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Duk sabon batirin da aka ɗora wa irin wannan mota zai bi sahun tsohon. Akwai wata al'ada ta cire kan batir inji yana aiki, a ce in mota ba ta mutu ba altaneta na caji. A daina. Batir ne ke daidaita wutar da altaneta ke fitarwa, kuma da an cire shi wutar kan yi tsalle ta ƙona altanetar kanta ko kwamfutar mota.

Masu tirela da manyan motoci masu batir biyu, naku bolt 24 ne, lambobin duk sai a ninka su. Amma ku auna kowane batir shi kaɗai, ya kamata su zo kusan daidai. Jan waya daga guda ɗaya don rediyo ko cajin waya yana sa wannan ɗin ya riƙa zama a sauke, ɗan'uwansa kuma yana shan cajin da ya wuce kima, a ƙarshe a rasa duka biyun.

Mu zo kan ruwa, inda kuskure ya fi yawa. Kalmar "ruwan batir" a bakinmu abu biyu take nufi: asid ɗin da ake zuba wa sabon batir, da tataccen ruwan da ake ƙarawa daga baya. Wannan haɗin suna ya kashe batira da yawa. Abin da ke ƙafewa a cikin batir ruwa ne kawai, asid yana nan bai tafi ko'ina ba. Saboda haka abin da za a mayar shi ne tataccen ruwa, wanda aka turara aka tara tururinsa. Idan ka ƙara asid, ruwan ya yi ƙarfi fiye da kima ya ci farantai. Ba a zuba asid sai in batir ya kife ne ruwansa ya zube. Ruwan rijiya, ruwan Kwara, ruwan burtsatse da fiya wata duk suna ɗauke da ƙarfe da gishirin ƙasa da ke gurɓata farantai, ko da sun yi garau a ido. Buɗe murafan shida ka leƙa da tocila, ba da ashana ba. Ruwa ya rufe farantai da kamar faɗin ɗan yatsa, santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, ko ya tsaya tsakanin layuka biyun da ke jikin akwatin. Farantin da ya leƙo waje ya sha iska ya lalace ke nan. Kada kuma a cika har baki, domin ruwa yana ɗagowa idan ana caji, ya yi ambaliya ya ci ƙarfen mota. Da bazara a leƙa duk mako biyu, sauran lokuta sau ɗaya a wata ya isa.

Masu cajin batir na gaske suna da wata na'ura kamar babban sirinji mai robar matsawa a kai, da ɗan kwalba mai lambobi yana yawo a ciki. Nauyin ruwa take aunawa, kuma tunda asid ya fi ruwa nauyi, nauyin yana nuna yawan caji. Cikakke yana nuna wajen 1.265, rabi wajen 1.190, wanda ya sauka wajen 1.120. Wasu batiran da aka yi domin ƙasashe masu zafi ruwansu bai kai wannan nauyi ba tun daga masana'anta, don haka abin da ya fi muhimmanci shi ne kwatanta ɗakunan shida. Idan ɗaya ya bambanta da sauran da 0.050 ko fiye bayan caji, shi ne mai ciwon. Batirin da aka rufe ruf ba a buɗe shi. 'Yar tagar da ke samansa mai sauya launi ɗaki ɗaya kawai take kallo, don haka mita ta fi ta gaskiya.

Zaman banza ma yana kashe batir. A watan Agusta na 2019 da gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa na tudu, manyan motoci da yawa sun tsaya cak na tsawon watanni. Ko ba rufe iyaka, taraktar da ta gama huɗar damina takan zauna har wata shekara, motar ɗaukar shinkafa ma tana da lokacin hutunta. Batirin da ke zaune yana zubar da caji da kansa, ga agogo da rediyo da kwamfutar mota suna tsotsa a hankali. Idan mota za ta wuce mako biyu ba aiki, a cire kan maras. Idan watanni ne, a sauke batirin, a cika masa caji, a ajiye shi a inuwa mai iska, a auna shi duk wata, da ya taɓa 12.4 a mayar da shi caji. Tayar da inji na minti biyar a silo ba ya cika batir. Sai tafiya ta rabin awa ko fiye. Ba a fafe gora ranar tafiya: a duba batirin tarakta tun kafin ruwan farko ya sauka. Haka kuma a sani batirin mota an yi shi ne don ya ba da wuta mai yawa na daƙiƙoƙi kaɗan a mayar masa nan take. Sauke shi da dare don kallo ko fanka ko cajin wayoyin unguwa har ya ƙare yana gajarta ransa ƙwarai. Wannan aikin batirin sola ne.

Wajen caji, a hankali ya fi. Ƙa'idar ita ce kashi ɗaya cikin goma na lambar da ke jikin batir: mai 75Ah a ba shi amfiya 7 ko 8, ya kwana yana sha. Cajin gaggawa na awa ɗaya yana tayar da mota, amma ba ya narkar da gishirin, yana kuma dafa farantai. Idan jikin batir ya yi zafin da hannu ba ya jurewa, a tsayar. A sassauta murafai, a yi a fili mai iska, domin batirin da ke caji yana fitar da iskar haidurojin, wadda kashi 4 cikin 100 kacal a cikin iska ya isa ta kama da wuta. Taba, ashana, walda da gogen waya duk suna iya fasa batir a fuskar mutum. Wannan shi ne babban abin da ya tsorata ni da na ga yaron nan ya sunkuya da fuskarsa a kan batir yana tartsatsi. Idan asid ya fallatsa a ido, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta na aƙalla minti 15, sannan a nufi asibiti. Sabon batirin babur da ake zuba wa asid a shago kuwa, a bar shi ya jiƙa na kamar rabin awa zuwa awa ɗaya, a yi masa caji kafin a ɗaura, kuma kowane sabon batir a sa masa mita a gaban mai shago kafin a biya.

Duk kulawar da aka yi, wata rana batir zai ƙare, kuma abin da ke cikinsa darma ce, guba ce mai cin ƙwaƙwalwar yara. A maƙwabciyarmu Zamfara, a shekarar 2010, gubar darma daga duwatsun zinariya da ake dakawa a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum. A Thiaroye-sur-Mer da ke gefen Dakar a ƙasar Senegal, yara 18 suka rasu tsakanin 2007 da 2008, kuma wannan daga fasa tsofaffin batiran mota ne kai tsaye. Don Allah idan naka ya mutu kada ka fasa shi, kada ka narka darmarsa a murhun gida, kada ka zubar da ruwansa kusa da rijiya ko fadama, kada akwatinsa ya zama mazubin ruwan kaji ko kujerar yara. Ka bar shi a rufe yadda yake, ka miƙa wa mai shagon da zai sayar maka da sabo.